Amsa: Yadda aka auna ƙoƙon kai don raba jinsin mutane

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda masanan Turai suka yi awon da suka kasa 'yan Adam da shi, da inda kuskuren yake.

A 1735 masanin Sweden Linnaeus ya kasa mutane gida 4 bisa nahiya da launin fata. Blumenbach na Jamus ya kasa su gida 5 a littafinsa na 1795. Samuel Morton na Amurka kuwa, a 1839, sai ya kifa ƙoƙon, ya ɗura ƙwayoyin iri ta ramin da ke gindinsa har ya cika, sannan ya juye a ma'auni don sanin girman cikinsa. Matsalar ita ce iri yana dannuwa. Wanda ya girgiza da kyau zai samu adadi mafi yawa a ƙoƙo ɗaya. Shi ya sa daga baya ya koma ƙananan ƙwayoyin darma.

Babban kuskuren ya wuce wannan. Girman kai yana bin girman jiki, na maza ya fi na mata, kuma Morton bai daidaita yawansu a kowane rukuni ba. Tun 1836 masanin Jamus Tiedemann ya auna da gero, ya ce ba hujjar ƙasƙanta baƙar fata, amma masu kare bauta suka rungumi alƙaluman Morton, waɗanda suka sa baƙar fata a ƙasa.