Me zan shuka a filin da aka haƙi kuza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili kusan kadada ɗaya a wajen Bukuru kusa da Jos, inda aka taɓa haƙar kuza. An cike ramukan an baje ƙasa, amma damina biyu ke nan ina shuka masara da takin zamani, ba ta wuce gwiwa. Wasu sun ce in dasa bishiyar turare kawai. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka jingine masarar nan tukuna. Filinka bai kai gona ba har yanzu, sai ka yi jinyarsa damina biyu ko uku.

Haƙar kuza takan kifar da ƙasa. Baƙar ƙasar sama, mai ruɓaɓɓen ganye da tana da ƙananan halittu, ta tafi can ƙasa, abin da ya hau sama kuma laka ce da yashi da tsakuwa, ga motocin cike rami sun danne su tamkar daɓe. Irin wannan ƙasa tana da tsami, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Shi ya sa buhun da ka zuba yake bin ruwan sama ya tafi, ga shi ruwan Jos ba na wasa ba ne.

Maganar turare tana da tarihi. Tun wajen 1904 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a Filato, kuma da gwamnati ta tashi gyara wuraren da aka ɓata a ƙarshen shekarun 1940, turaren ta yi ta dasawa. An samu itacen girki da turaku, amma da masana suka auna ƙasar ƙarƙashinsa bayan shekaru, sai suka tarar ba ta farfaɗo ba, tsami ma ya ƙaru. In kana son sa, ka ajiye shi a kan iyaka.

Abin da nake ba ka shawara shi ne haɗin iri uku a lokaci guda, domin kowanne da aikinsa. Na farko mai saurin fitowa, acca ko kyasuwa, wanda zai rufe ƙasa cikin 'yan makonni kafin zaizaya ta kwashe ta. Ni na fi son acca a nan, don ta saba da ƙasa maras ƙarfi, mutanen Filato kuma sun fi kowa saninta. Na biyu ciyawa mai daɗewa, gamba ko ƙiri-ƙiri, wadda saiwarta ke fasa dannanniyar ƙasa ta rayu har bayan rani. Na uku dangin wake, su ne ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye a saiwa. A cikinsu sitailo ya fi jure tsami da ƙarancin abinci, lablab kuma ya fi ganye amma yana son wurin da ya ɗan gyaru. Ka nemi irinsu a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya. Kada acca ko kyasuwa ta yi yawa a haɗin, don in ta yi duhu za ta shaƙe sitailo, shi kuwa a hankali yake tashi.

Kafin shuka, ka fasa ƙasar sosai, ka yi kunya a gicciye da gangare. Zuba takin shanu ko na kaji gwargwadon ƙarfinka, ka ƙara toka saboda tsamin, da takin sufa mai sinadarin fosfaras, domin dangin wake ba sa ƙulla ƙwayoyin saiwar da ke tara naitirojin in babu fosfaras. Ɓawon irin sitailo yana da tauri: jiƙa shi a ruwan zafin da bai tafasa ba na 'yan mintuna, ka shanya, ka cuɗa da yashi ka watsa idan damina ta zauna. Kada ka binne shi da zurfi. Inda gangare ya yi tsanani, dasa jema a jere.

Babban abin da ke kashe wannan aiki shi ne kiwo da gobara. Damina ta farko kada dabba ta shiga, ko da taka ce. Ka yi shinge, ka zauna da makiyayan unguwa ku fahimci juna, ka share gefen filin kafin hunturu. Ciyawar da ta bushe ka sare ta ka bar ta kwance a wurin, ita ce za ta zama baƙar ƙasar da ka rasa.

Sai gargaɗi ɗaya da nake roƙon ka ɗauka da muhimmanci. Yashin da ya rage bayan wanke kuza yakan ƙunshi ma'adanai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki, don haka kada ka shimfiɗa shi a gona ko ka yi gini da shi. A Zamfara gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a 2010. Kuza daban, zinare daban, amma ko a naka filin ka kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji na jami'a a auna kafin ku ci abin da ya fito daga cikinta.

A damina ta uku, ka nome wani ɓangare ka gwada gyaɗa ko wake. In sun yi kyau, masara ta biyo baya, sauran filin kuma ya ci gaba da zama a rufe har layi ya zo kansa.