Tambayoyinku: Sayayya da Kula da Kai Bayan Dashen Ƙoda

Wasiƙun wannan makon duk na waɗanda aka yi wa dashe ne ko masu jinyarsu, sai na haɗa su wuri guda.

"Wata huɗu ke nan da yi mini dashen ƙoda. Na ga ana tallar ƙwayoyin ƙara ƙarfin garkuwar jiki a Facebook. In saya?"

Haba ƙanena! Safe da dare kana shan maganin da zai kwantar da garkuwar jikinka, sannan ka ɗauki kuɗi ka biya a tayar da ita? Garkuwar nan baƙuwa take ganin ƙodar da aka sa maka, da ta samu sarari ita za ta fara far wa. Ka mayar da kuɗinka aljihu. Haka ma haɗe-haɗen ganye da saiwa. Akwai wani ganye, St John's wort, da ke zaftare tacrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar, a cikin jini har dashe ya lalace. Lemun garehul kuma akasin haka yake yi: yana hana jiki sarrafa maganin, sai ya taru ya cutar da ƙodar.

"Shekara biyu da yi wa maigidana dashe, lafiyarsa lau, amma kuɗin magani ya fi ƙarfinmu. Wani ya ce zai samo mana tacrolimus a rabin kuɗi, wata kuma ta ce ya riƙa sha sau ɗaya a rana maimakon biyu. Ko barci ba na iya yi."

Sannu 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Damuwarki tana kan hanya, kuma gara da kika tambaya kafin ki aikata.

Batun rage sha, ki cire shi daga ranki gaba ɗaya. Lafiyar da kike gani a jikinsa aikin maganin ce. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, shi ya sa bai buƙaci irin waɗannan magunguna ba. Sauran jama'a kuwa, muddin ƙodar tana jiki, sha ba ya tsayawa. Abin tsoron shi ne, jiki kan fara ƙin ƙoda a ɓoye, babu ciwo babu zazzaɓi, sai gwajin jini ya tona. Kafin a farga an koma wankin ƙoda.

Shi kuwa mai rabin kuɗi, ina ya samo? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko marasa inganci. Idan maganin mura ya zama jabu, majina ce za ta ƙara kwana biyu. Wannan kuwa ƙodar da wani ya kwanta aka yanka shi ya bayar ce za ta tafi. Abin da ke ba ni haushi ke nan: mutane su tara dukiya a yi aiki, sannan su miƙa amanarsa ga wanda ko rasit ba zai bayar ba. Araha ba ta ado.

Ko na gaske ne daga wani kamfani, ba a sauyawa da ka. Tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da ya yi yawa a wannan magani ƙanƙanuwa ce, kuma akwai mai saurin narkewa da ake sha duk awa 12, akwai mai narkewa a hankali na sau ɗaya a rana. Ki je ki gaya wa likitansa gaskiya cewa aljihu ya gaza, ba abin kunya ba ne. Idan ya yarda da mai rangwame, zai sa a auna maganin a jini bayan sauyin. Ranar awon, kada maigida ya sha na safe sai an ɗebi jinin.

Duk kwalin da kika saya, ki ajiye tsohon ki jera su: launin ƙwayar, rubutun jikinta, lambar da ke kwali da ta jikin sacet, ranar lalacewa. Kada a bar shi cikin mota a rana. Ki kuma sayo sabo tun da sauran na mako biyu, ba a fafe gora ranar tafiya.

"Na'urar auna hawan jini ta dantse ko ta wuyan hannu?"

Ta dantse, malam, ta fi faɗin gaskiya. Ka haɗa da ma'aunin zafin jiki. Zafin ya kai digiri 38, ka kira asibitinka a ranar, kada ka jira gobe.

"Me zan sha idan kaina na ciwo?"

Farasitamol, daidai ƙa'ida. Ibuprofen da diclofenac ki yi nesa da su, suna rage jinin da ke shiga ƙoda.

"An yi mini dashe bara, ina son haihuwa, amma ina jin nauyin tambayar likita."

Kada ki ji nauyi, 'yata, mata da dama sun haihu lafiya bayan dashe. Yawanci akan so a cika aƙalla shekara guda ƙodar tana aiki daidai. Sai dai idan cikin magungunanki akwai mycophenolate, yana iya jawo ɓari ko nakasa ga jariri, dole likita ya musanya miki shi kafin ki ɗauki ciki. Ki rubuta tambayar a takarda ki miƙa masa idan baki ya kasa faɗa.