Bikin hasken sama na mutanen labarinki

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki ƙirƙiro wa mutanen labarinki bikin hasken sama na shekara-shekara. Ni dai shawarata, kada ki ɗauko koren hasken nan da ke bayyana da dare a samaniyar Norwe da Kanada. A can ƙuryar arewacin duniya yake fitowa, mu a Zariya ba ma ganinsa, mai karatunki ba zai ji shi a jikinsa ba.

Ki ɗauki abin da ke bisa kanmu. Duk shekara, daren 13 zuwa 14 ga Disamba, taurari kan yi ta faɗuwa, ƙura ce daga sararin samaniya take ƙonewa in ta shigo iska. Na taɓa kallonsu daga gindin dutsen Kufena, sanyin hunturu na ratsa bargo, ga Kaza da 'Ya'yanta tsaye a tsakiyar sama.

Ki sa mutanenki su kashe kowace wuta a gari, har aci-bal-bal. Tsofaffi a kan tabarma, yara na ƙirge, duk tauraruwar da ta faɗo a ambaci sunan wani mamaci. Hazo fa yakan rufe sama, don haka ki tanadar musu abin yi a shekarar da ba su ga komai ba.