Tambaya da Amsa: Shin Gwamnati na Biyan Manomi Don Ya Ƙi Noma Gonarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa gwamnatin Amurka tana biyan wasu manoma kuɗi duk shekara domin su bar gonakinsu ba shuka. Shin da gaske ne? In kuwa haka ne, ashe ba almubazzaranci ba ne, alhali duniya tana kukan tsadar abinci? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba zaman banza ake biya ba. Hayar gonar gwamnati take yi, a ƙarƙashin wani shiri na kare ƙasar noma daga zaizaya da ake kira CRP (Conservation Reserve Program), wanda dokar noma ta shekarar 1985 ta kafa a zamanin Shugaba Ronald Reagan, kuma ma'aikatar noma ta ƙasar ce ke tafiyar da shi.

Tushen maganar ya girmi wannan doka da kusan shekara hamsin. A shekarun 1930 fari ya faɗa wa jihohin Oklahoma da Kansas da Texas da Colorado, inda aka riga aka kafce ciyawar da ke riƙe da ƙasa aka zuba alkama. Da ruwa ya ɗauke, iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki tana tafiya da ita, har ranar 14 ga Afrilu, 1935 ƙura ta mayar da rana tamkar dare, dubban iyalai kuma suka yi ƙaura. Duk wanda ya taɓa ganin rairayi ya binne ƙaramar shukar gero a farkon damina zai fahimci zafin wannan asara.

Manomin da ya shiga shirin yana sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15. Ba kowace gona ake karɓa ba. An fi neman wadda ruwa ko iska ke saurin zaizaye ta, da wadda ke bakin rafi ko fadama. Dole ne ya shuka ciyawa ko itatuwa ya kuma kula da su, gwamnati ta ɗauki har rabin kuɗin wannan aiki, sannan ta riƙa ba shi kuɗin haya gwargwadon yadda ake hayar irin gonar a yankinsa. Idan fari ya tsananta, akan ba da izinin kiwo ko yankan ciyawar domin dabbobi. Wannan ya ɗan yi kama da yadda iyayenmu kan bar gona ta zama saura don ta huta, da bambancin cewa a can akwai takarda da sharaɗi da biya.

A ganina, hujjar biyan tana da ƙarfi. Ruwan kogin da laka da taki ba su gurɓata ba, da tsuntsayen da suka samu wurin sheƙa, amfaninsu na kowa ne, amma manomi shi kaɗai ke rasa girbin, don haka adalci ne jama'a su ɗauki wani ɓangare na nauyin.

Duk da haka damuwarka ba ta faɗi ƙasa banza ba. Masu sayar da taki da iri a ƙauyuka sun sha kokawa cewa ciniki na raguwa, matasa masu neman gonar haya kuma sukan tarar gwamnati ta riga su, don rage irin wannan illa ne doka ta hana, in ba da izini na musamman ba, a sa fiye da kashi 25 cikin ɗari na gonakin gunduma ɗaya a shirin. Rauninsa mafi girma shi ne kasuwa. A 2007 filayen da ke cikinsa sun kusan eka miliyan 37, amma da farashin masara ya tashi, manoma da yawa suka ƙi sabunta yarjejeniya, suka sa garma a ciyawar da aka shekara goma ana raino, har adadin ya sauko ƙasa da eka miliyan 25.