Gano inda baƙin mai ke yoyo a injin babbar mota

Ka ce kullum da safe kana tarar da baƙin mai ƙarƙashin motarka, amma ka rasa inda yake fitowa. Ka wanke injin tas ya bushe, sannan ka tayar da shi kamar minti 15 kana haskawa da tocila, domin mai gangarowa yake yi, iskar fanka kuma tana watsa shi baya. Wuri mafi bisa da ya jiƙe shi ne abin zargi, galibi gasket ɗin murfin saman injin (wato shimfiɗar da ke tsakanin murfin da injin don hana yoyo) ko bakin filtar mai. Idan daga murfin ne, kada ka matse kusoshinsa fiye da kima, gasket zai tsage. Idan daga mahaɗar injin da giyabos yake ɗiga, sai bakanike, domin sai an sauke giyabos kafin gyara.