Sama Ta Ƙone, Lungu Ya Yi Duhu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoto a Al-Balad, tsohon garin Jidda. In na saita kyamara don tagogin katakon nan su fito, sai sama ta yi fari fat. In na bi sama kuma, lungun ya yi baƙi ƙirin. Ina mafita?
Mai karatu daga Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Tazarar da ke tsakanin hasken ranar Jidda da inuwar lungu ce ta fi ƙarfin hoto ɗaya, shi ya sa ake ɗaukar uku a haɗa su.

Ka kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ka zaɓi RAW (nau'in fayil mai adana cikakken bayanin hoto), ISO 100 (gwargwadon yadda kyamara ke jin haske), ƙofar haske f/8. Waɗannan kada ka sake taɓa su. Gudun shota kaɗai za ka riƙa canzawa: misali 1/500 don sama, 1/125 na tsakiya, 1/30 don inuwa. In kyamararka na da AEB, wato tsarin ɗaukar hotuna a jere masu haske daban-daban, sa shi a -2, 0, +2, ita za ta yi da kanta. Wanda ya canza ƙofar haske maimakon shota, zurfin fokas zai bambanta, hotunan su ƙi zama a kan juna. Ka kulle fokas, ka sa jinkirin daƙiƙa 2, domin danna maɓalli ma yana girgiza kyamara.

Kafin ka tashi, duba hoton da ya fi duhu: akwai shuɗin sama a ciki? Duba wanda ya fi haske: ana ganin sassaƙar katako? In babu, ƙara biyu su zama biyar.

A Lightroom, manhajar gyaran hoto, zaɓi hotunan duka, danna Ctrl+H don haɗa su, kunna Auto Align don su daidaitu a kan juna. Lungunan Al-Balad ba sa rabo da masu wucewa, kuma duk wanda ya gifta zai fito kamar fatalwa, rabinsa nan rabinsa can. Zaɓin Deghost da ke wajen haɗawar ke maganin wannan, amma ka fara da Low, don High yakan bar ƙura-ƙura a inuwa.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne zaƙewa wajen buɗe inuwa. Sai ka ga farin zobe ya kewaye bakin gini, bango ya koma kamar zane. Lungu dai lungu ne, ka bar masa ɗan duhunsa. In zoben ya bayyana, rage Clarity (mai ƙara fito da gefuna), ka ja Shadows (mai buɗe inuwa) baya zuwa wajen +40, sannan ka zuƙo bakin rufin ka sake dubawa.