Tambaya da Amsa: Gyaran Tsohon Murhun Bango Domin Saka Murhun Ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a Bradford da ke Ingila, a wani tsohon gida na jan bulo da muka saya. A falon akwai murhun bango na da wanda masu gidan na farko suka toshe, kuma saboda tsadar gas a lokacin sanyi ina so in buɗe shi in saka murhun ƙarfe mai cin itace, sai dai ramin ya yi wa murhun da nake so ƙanƙanta. Shin zan iya faɗaɗa shi da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wani ɓangare na aikin kana iya yinsa da hannunka, amma akwai iyakar da bai kamata ka ƙetare ba, kuma magina na asali ne suka shata ta tun ranar da aka gina gidan. A irin waɗannan gidaje, ƙaramin ramin da kake gani ciko ne da aka yi a cikin wani rami babba, domin magini yakan bar buɗaɗɗen wuri mai faɗi, daga baya a sa tubalin wuta a cika bayansa da ɓaraguzai har ya dace da wutar kwal. Idan ka kankare filastar da ke saman bakin murhun a hankali, za ka tarar da linta ko kuma bulo da aka jera kamar baka, kuma shi ne ke ɗauke da nauyin bangon bututun hayaƙi da ke sama. Abin da ke ƙarƙashinsa a tsakanin ginshiƙan gefe biyu galibi ciko ne da za a iya cirewa, amma lintar da ginshiƙan ba a taɓa su sai an kira magini ya tokare bangon ya sa sabuwa. Shawarata ita ce ka fara buɗe ramin na asali ka auna shi, sannan ka sayi murhun da ya dace da shi tare da tazarar da kamfanin da ya ƙera shi ya gindaya a gefe da baya, maimakon ka matsa wa gini ya karɓi murhun da ka riga ka ƙwallafa rai a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne bututun hayaƙin, domin shi ido ba ya gani. Bututun da ya haura shekara ɗari yakan tsattsage daga ciki, hayaƙi ya riƙa silalewa zuwa ɗakin kwana na sama, ko ma zuwa gidan maƙwabci idan bango ɗaya kuka haɗa. Ka kira mai share bututu ya kwashe kunkunniya da sheƙar tsuntsaye, ya kuma yi gwajin hayaƙi. Yawanci akan zura sabon bututun ƙarfe mara tsatsa tun daga rufi har zuwa murhun, mai faɗin milimita 150 ga itace, ko 125 idan murhun yana cikin waɗanda Defra, wato ma'aikatar muhalli ta gwamnatin Birtaniya, ta amince da su, sannan a rufe bakin tsohon bututun da farantin ƙarfe domin kada zafi ya tsere sama ko datti ya zubo ƙasa.

Cikin ramin kuma kada a lulluɓe shi da allon filasta na yau da kullum, domin zafi yana fasa shi. A bar bulon a fili ko a sa allon da ba ya cin wuta. Daɓen da murhun zai zauna a kai dole ya zama na abin da ba ya cin wuta, kamar dutse ko kankare, ya fito aƙalla milimita 225 a gaban murhun da ake rufe ƙofarsa, ko 300 idan ana iya barinsa a buɗe, da kuma 150 a kowane gefe. Idan ƙarfin murhun ya wuce kilowat 5, ko a tsohon gida sai an buɗe kafar shigar iska ta dindindin.

Dokar gine-gine ta Ingila ta wajabta a sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma, sai fa idan ma'aikaci mai rajista da hukuma irin HETAS, mai tantance masu kafa irin wannan murhu, ne ya yi aikin, wanda zai ba ka takardar shaida da za a nema ranar sayar da gidan. Ka kuma tambayi ƙaramar hukumar ko unguwarku tana cikin yankunan da aka taƙaita hayaƙi, tsarin da ya samo asali daga dokar 1956 bayan baƙin hazon da ya hallaka dubban mutane a Landan a 1952, domin a irin wannan yanki ba a ƙona itace sai a murhun da aka amince da shi. Itacen ma ya zama busasshe, danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba.

Tun 2010 doka ta wajabta sanya na'urar gargaɗi kan iskar kabon monoksaid a ɗakin da aka kafa irin wannan murhu. Ita ce iskar nan mara wari da ke kashe masu shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa a lokacin hunturu a can gida, don haka ina roƙonka, Malam, kada a hura wuta ko sau ɗaya kafin a liƙa na'urar a kuma gwada ta.